Masu Jiran Ajalin Magina

Da sunan Wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya tsaga ta da koguna, Ya koya wa kowace halitta sana'arta, Ya ɓoye mata ranarta. Ku gyara zama, wanda ke nesa ya matso, wanda ke kusa ya yi haƙuri da ƙamshi. Ni ne Cindo ɗan Nomau, mai haɗa turare, kuma abin da zan faɗa muku da ƙafata na taka shi, da hancina na shaƙe shi.

Asalin tafiyar wani falke ne da ya tsaya a rumfata yana neman ruwan sha. A bakin rawaninsa akwai wani ɗan ƙyalle a ɗaure, ƙamshin da ke fita daga ƙyallen nan kuwa ya sa duk kwalaben da ke gabana suka zama kamar ruwan wanki. Ban san lokacin da na tashi na bi bayan mutumin ina shinshina kamar ɗan akuya ba. Da ya gaji da ni ya ce sunan abin miskin ruwa, daga jikin wata dabba ake samunsa a Kwarin Magina, can bayan duwatsun da rana ke faɗawa. Na koma gida na gaya wa matata Tasalla. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ɗaure mini dakuwa da ƙuli-ƙuli a tsumma, ta ce in ban dawo da komai ba, in yi ƙoƙari in dawo da hancina, don da shi muke ci.

Na yi ta tafiya har na iso Kogin Waiwaye, wanda da safe yake gudu gabas, da yamma ya juyo yamma. Na shiga kwalekwale, muka yini muna tafiya, magariba ta same mu a daidai inda muka tashi, mai jirgin yana yi mini barka da zuwa. Haka muka yi ta yi, shi ko a jikinsa, har na lura da tsakar rana ruwan kan tsaya cik yana shawarar inda zai nufa. A lokacin na naɗe wando na ratsa da ƙafa. Daga nan na faɗa dajin wasu birai masu farin gemu, waɗanda in sun kama matafiyi sai su ajiye shi yana cire musu ƙwarƙwata. Na yi musu aiki har yatsuna suka kumbura. Rannan na roƙi izini in yi musu turaren wuta don girmamawa, na zuba barkono a kaskon maimakon itacen ƙamshi. Na bar su suna atishawa suna faɗowa daga rassa kamar nunannun kanya.

Da na hau dutsen ƙarshe na leƙa, sai na ga Kwarin Magina a shimfiɗe. Tafki bisa tafki, kowanne ya fi na ƙasansa tudu, kamar an jera ƙwarya a kan ƙwarya, ruwa na zubowa daga wannan zuwa wancan. A bakin kowane tafki akwai datsi na itace da laka, kuma ba hannun mutum ne ya yi ko ɗaya ba. Maginan su ne dabbobin. Kowannensu ya fi gafiya girma nesa, ya yi kusa da ɗan tunkiya, gashinsa sumul, wutsiyarsa faffaɗa kamar filafilin jirgi, haƙoransa na gaba ja wur kamar na tsohuwar da ta shekara tana cin fure. Da haƙoran nan suke sare itace. Sai magini ya zagaye gindin yana gwaguya har ya bar shi da siririn ƙugu kamar kalangu, itacen ya yi ƙara ya faɗi.

Aka kai ni gaban Magajiyar Rafi, mai mulkin kwarin, wata doguwar tsohuwa da ke zaune a kan kututture tana tsinkar zogale. Na durƙusa na ce ranki ya daɗe, na faɗi abin da ya kawo ni. Ta ce ba ni ne farkon mai hanci da ya zo ba. Ta bayyana mini cewa duk gonakin kwarin da ruwan datsi suke sha, don haka ba a kashe magini, ba a kama shi, ba a taɓa abin da ya mallaka. Miskin yana cikin wata 'yar jaka a jikinsa, kuma hanya ɗaya ce ta samunta: in magini ya mutu da tsautsayin kansa, wanda ya fara dafa gawar da hannunsa shi ke da ita.

"Amma in ka taimaka wa tsautsayin ko da hura iska ce," in ji ta, "za ka ƙare kwanakinka kana kai laka datsi da bakinka."

Ashe akwai jama'a guda da ba su da sana'a sai wannan. 'Yan jira ake ce musu. Sun kafa rumfuna a gefen daji, da tukwanensu da tabarminsu, wasu da matansu, kowa ya zuba wa maginan ido. Wanda ya karɓe ni cikinsu Baba Barmo ne, wani gajeren dattijo mai tumbi da ya zo kwarin tun gemunsa baƙi, bai taɓa dafa gawa ko ɗaya ba. Ya matsa mini a tabarmarsa, ya cinye sauran dakuwata, sannan ya shiga ba ni labarin hanyoyin da magina ke mutuwa, yana lissafawa da murna kamar mai faɗin kayan lefe.

Ya ce mafi yawa itacensu ne ke danne su, domin magini ya iya sara amma bai san inda itace zai kwanta ba, sau da yawa inda ya ruga nan itacen ke binsa. Wani kuma gindin ne ke zamewa daga kututture ya sauka a kan wutsiyarsa, ya riƙe shi a nan. Akwai wanda ya cusa kai a tsagar itace yana gwaguya, iska ta kaɗa, tsagar ta rufe. Akwai wanda ambaliya ta rushe datsi a kansa yana tsakiyar gyara. Har ma akwai wani da ya ƙoshi da ruɓaɓɓen ɓaure ya bugu, ya hau datsi yana tangaɗi, ya faɗa ta gefen da babu ruwa. Wannan ɗin, in ji Baba Barmo, da shi zai samu, sai dai lokacin ya zaga bayan rumfa.

Ban daɗe ba na ga abin da idona. Wata la'asar muna zaune sai muka ji ƙarar itace, sannan ƙasa ta amsa, kuma ba a ji bugun wutsiya a ruwa ba, wanda shi ne alamar maginin ya tsira. Kafin in miƙe rumfunan sun watse. Tsofaffi masu sanda suka yar da sandunan, wani ya fito da kumfar sabulu a ka, wani ya ruga da tukunyar miya a hannu don ya manta ya ajiye. Ni aka ture ni cikin taɓo, mutane suka bi ta bayana kamar gada. Wata mata mai goyo ce ta yi tsalle ta kan kowa ta dafa gawar, aka ɗauke ta sama ana guɗa. Da taron ya janye na tsaya ina share laka daga kunnena. Sai ga wani magini ya fito daga ruwa, ya zo gefen itacen ya shinshina wurin, ya sa haƙori ya fara gwaguyar itacen daidai inda ya danne ɗan'uwansa, alhali an riga an janye gawar. Ya yi ta yi har duhu ya fara. A ranar ban iya cin tuwo ba, Baba Barmo ya taimake ni da shi.

Duk fatan Baba Barmo yana kan magini ɗaya, wanda 'yan jira suka sa wa suna Ganganci. Ƙato ne mai yankakken kunne, ba ya sarar ƙaramin itace, kuma in itace ya fara ƙara ba ya gudu, sai ya zauna a kan wutsiyarsa ya ɗaga kai yana kallon saman kamar mai duba wata. Itatuwa sun sha faɗuwa dama da hagunsa, wani ya aske masa gashin baya, wani ya tafi da rabin kunnen. Baba Barmo ya bi shi shekara da shekaru. Ya san inda yake kiwo, ya san 'ya'yansa, yakan gaishe shi da safe ya tambaye shi kwanan iyali, sannan ya roƙi Allah Ya kawo ƙarshen abin cikin sauƙi.

To, Ganganci ya kama wata ƙatuwar maɗaciya da ke tsakanin tafki da rumfunanmu. Ya yi ta gwaguya, ƙugun itacen na ƙara sirancewa, 'yan jira kuwa suka daina zuwa ko'ina. Ranar da abin ya kai, kowa ya ɗaure ɗamara ya sa ƙafa ɗaya gaba. Ni ina bakin ruwa ina wanke takalmina. Itacen ya yi ƙara. Na ɗaga kai na ga ya sunkuyo daidai kan Ganganci, shi kuwa yana zaune ya harɗe hannuwa a ƙirji yana sha'awar aikinsa.

Hannuna ne ya yi aikin, ban shawarce shi ba. Na ɗaga takalmin na maka a ruwa, fau, daidai irin bugun wutsiyar da suke yi wa juna gargaɗi. Ganganci ya zabura ya yi tsalle ɗaya ya nutse. Maɗaciyar ta sauka inda ya tashi, ta yi tsalle a kan gindinta, ta juya ta kwanta bisa rumfunan 'yan jira, ta farfasa tukwane, ta watsa kaji. Ba wanda ya ji ciwo, don duk suna waje suna jira.

Sannan duk kawunan suka juyo wajena a tare.

Ban tsaya bayani ba. Na ruga, suka biyo ni da muciya da taɓarya, Baba Barmo na gaba yana haki yana kiran sunan ubana. Na hau datsi, suka tare ni ta gaba da baya. Ban ga wata hanya ba sai ruwa, na toshe hanci na faɗa. Can ƙasa na hangi wani baƙin rami a gindin wani tulin itace da ke tsakiyar tafkin, na cusa kai, na yi ta shure-shure har na ɓullo cikin wani ɗaki.

Ɗakin magina ne, kamar rumbun da aka kife, ƙasansa shimfiɗe da sassaƙen itace mai laushi, haske na shigowa ta wata 'yar kafa a sama. Idanu suka kewaye ni. Ga Ganganci, ga matarsa, ga 'ya'ya birjik. Na yi sallama don ban san abin da zan yi ba. Ganganci ya zagaye ni yana shinshina, ya ɗan gwada haƙori a ƙaurina, ya ga ba itace ba ne. Daga nan ya yanke shawarar da ta sauya rayuwata. Ashe magini duk abin da ya ɗauka nasa ne, ko tudun laka ko kututture, sai ya hau ya goga masa miskin jikinsa don kowa ya sani. Ya haye bayana ya goga. Matarsa ta haye ta goga. 'Ya'yan suka yi layi. Abin da mutane ke tsufa suna jiran ɗigonsa, ni aka yi mini wanka da shi tun daga ƙeya har dunduniya, ina kwance rub da ciki ina dariya ina tari.

Da yunwa ta fito da ni washegari, tun kafin in kai gaɓa ƙudan zuma suka fara zagaya ni. 'Yan jira suka kama hanyar cafke ni, sai suka tsaya turus, hancinsu na buɗewa. Haka muka ɗunguma zuwa gaban Magajiya, ni a tsakiya, su a gefe suna shaƙa. Suka kai ƙara cewa na hana su rabonsu. Na durƙusa na ce, ranki ya daɗe, doka ta hana taimakon tsautsayi, ban ji ta hana korarsa ba. Sannan na miƙa mata hannuna ta shinshina, na ce ai yanzu ni kayan magina ne, su suka sa mini alama, kuma ke kika ce ba a taɓa abin da suka mallaka.

Magajiya ta yi dariya har zogalen ya zube daga cinyarta. Ta ce gaskiya ne, daga yau hukuncina hukuncin magini, wanda ya taɓa ni ya taɓa datsi. Na miƙe ina taƙama. Sai Baba Barmo ya yi gyaran murya, ya tambaya cikin ladabi ko in baƙon nan ya mutu da tsautsayin kansa, wanda ya fara dafa shi ne ke da shi.

Magajiya ta yi tunani, ta ce haka dokar ta nuna.

Tun daga ranar ban ƙara zama ni kaɗai ba. In na farka zan tarar an kewaye ni da tabarmi. In na tafi wanka su jeru a gaɓa suna tambaya ko na iya iyo sosai. Ba wanda ya taɓa ni, kai, ban taɓa ganin mutane masu kirki irinsu ba. Wannan ya kawo mini kifi mai ƙaya ya ce in ci da sauri kada ya huce. Wancan ya nuna mini inuwa mai sanyi a ƙarƙashin itacen da aka gwaguye rabinsa. Matar nan mai goyo ta ce zumar da ke can ƙololuwar rimi sai jarumi irina. In na yi tuntuɓe sai in ji mutane sun miƙe a bayana, in na daidaita su koma su zauna suna yi mini sannu. Na so in gudu, amma mai ƙamshi irin nawa ko makaho zai bi sawunsa.

Ganganci ne ya buɗe mini hanya, ba da niyya ba. Wata safiya iska ta taso, kuma ya riga ya ƙwaƙule wani dogon itace a saman babban datsi. Muka ji ƙarar, muka ji ƙasa ta amsa, muka saurara. Ba bugun wutsiya. Ina nesa, takalmina na ƙafata, babu ruwa kusa da ni.

Jama'a suka kwasa a guje suka bar ni tsaye. Na bi gefen tafki zuwa inda ruwa ke tsallake datsi, inda wani gungume ke lilo yana neman wucewa. Na haye shi na rungume. Kafin in tura na waiwaya, sai na ga abin da ban zata ba. Baba Barmo, da tumbinsa da shekarunsa, shi ya riga kowa. Yana durƙushe a gefen itacen, tafin hannunsa a kan bayan Ganganci. Mutane na yi masa barka, wani na miƙa masa wuƙa. Bai karɓa ba. Ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe gawar, ya zauna a gefe ya sunkuyar da kai.

Ruwa ya fizgi gungumen. Na sauko daga tafki zuwa tafki ina ihu, kowace gangara cikina ya hau wuyana ya dawo, magina na buga wutsiya dama da hagu, ƙudan zuma na bina kamar hayaƙi, har kwarin ya tofar da ni a wani kogin da ban san sunansa ba.

Na iso gida ba ko ɗigo a kwalba. Tun ina bakin unguwa Tasalla ta fito ƙofa tana tambayar wane attajiri ne ya shigo gari. Ta dirje ni da sabulun salo da toka, ƙamshin ya ƙara tashi. Kafin mako ya zagayo an fara aiko mata da roƙo a ara ni in ɗan zauna a ɗakin amarya kafin a kawo ta. Yanzu sana'ata ke nan. Nakan zauna a kan gadon mutane ina cin cincin, mata na kaɗa zannuwa a kaina, wanda ke gaggawa kuma in rungumi labulensa.

Bayan damina, wata rana na fito zaure na tarar da wani gajeren dattijo ya shimfiɗa tabarma, ƙafafunsa duk faso. Baba Barmo ne. Na fara duba ko akwai abin da ke rataye a saman kaina. Ya ce in kwantar da hankalina, gaisuwa ce ta kawo shi. Ya ce ya binne Ganganci da jakarsa a gindin datsi, daga nan kuma zaman kwarin ya gagare shi, don ya rasa wanda zai gaisar da safe. Tasalla ta aiko masa da tuwo, ya cinye, ya tambayi ko akwai ƙari.

Har yau yana zauren. Duk inda zan je yana biye da ni, ya riga ni ɗanɗana kifi, ya hana ni leƙa rijiya. Shekaranjiya ina zaune gindin dalbejiyar ƙofar gida, iska ta ɗan kaɗa reshe, sai na ji an fizgi wuyan rigata an ja ni da baya har tsakiyar titi. Na tashi ina kaɗe ƙasa na ce, haba Baba, ai itacen nan lafiyarsa lau.

Ya daɗe yana kallon saman itacen, hannunsa bai saki rigata ba.

"Shi ma wancan da ya danne Ganganci haka na ce," in ji shi. "Tashi mu koma zaure."